Ciwon hanta ko na hanji yana kashe sha'awa da ƙarfin namiji? Amsa ga masu tambaya biyu

Wani ɗan'uwa daga Garwa, direban babbar mota, shekara 43, ya turo min tambaya mai tsawo, ga ta a taƙaice. Yana ɗauke da hepatit B, bara cikinsa ya kumbura akayi ekografi, wato hoton ciki, akace hanta tayi tauri, wato siroz, aka ɗora shi kan tenofovir da Aldactone da propranolol. Tun daga lokacin sha'awa ta ɗauke, in ma ya kusanci iyali gaban baya tsayawa, nonuwansa sun taso suna masa zafi, matarsa kuma ta fara zargin ko wata yake nema a hanya. Abokan tasha sunce basur ne ko sanyi, har sun kawo masa wani jiƙo a gora. Yana tambaya ciwon ne ko magungunan ne, ya daina sha ne? Sai kuma wata baiwar Allah daga Marwa, shekaru tana gudawa da jini, daga baya aka duba ta da kyamara ta dubura akace kumburin babban hanji ne irin wanda yake lafawa ya dawo, ita kuma saduwa ta zame mata azaba, ga zafi ga tsoron kada bayan gida ya kufce mata. Ciki da hanta shine aikina, to zan amsa muku tare don abin naku yana haɗuwa a wurare da yawa.

Malam, kafin komai, dan Allah kada ka ajiye ko ƙwaya ɗaya da kanka. Mai siroz in ya daina tenofovir ƙwayar cutar tana iya tasowa da ƙarfinta cikin 'yan watanni ta ƙarasa ɗan abin da ya rage na hanta. Propranolol ɗin nan kuma ba don hawan jini aka baka ba, an baka ne saboda jijiyoyin maƙogwaro da suka kumbura kada su fashe ka fara aman jini. Abin da kake ji ciwon ne da magungunan duka biyu suka haɗu, ba basur bane, ba sanyi bane, ba kuma wani ne yayi maka aiki ba. Maza masu siroz fiye da rabinsu suna da wannan matsalar, kawai dai kowa yana shiru ne, mu ma likitoci laifinmu ne da bama tambaya, muna kallon ciki da ido da takardar gwajin jini sai muce mai bi ya shigo.

Ga yadda abin yake a jiki. Sinadarin da ke riƙe da sha'awar namiji, testosteron, a 'ya'yan maraina ake yinsa amma umarnin yinsa daga ƙwaƙwalwa yake saukowa. In hanta ta gaji umarnin nan yana raguwa, marainan su kansu suna ƙanƙancewa suyi laushi. Bayan haka hanta mai ciwo tana ƙara yawan wani furotin da ke ɗaure testosteron a cikin jini, sai ya zama ɗan wanda ake da shi ma a ɗaure yake baya aiki. A gefe guda kuma sinadarin mata, estrojen, wanda kowane namiji yana da kaɗan a jikinsa, sai ya hau sama saboda jiki yana juya na maza zuwa na mata kuma hanta bata share shi yadda ta saba. Shi yasa zaka ga nono ya taso, gashin hammata da na mara ya ragu, gemu ya rage saurin tofowa, tafin hannu yayi ja. Jiki yana yin abin da maigida yake yi ne in kuɗi sun yanke masa, kuɗin ɗinki da na biki ya fara tsayarwa ya bar na hatsi, to sha'awa da haihuwa suna cikin abubuwan da jiki ke fara tsayarwa in yana fama da ciwo mai tsawo.

Ka ƙara da abin da ido ke gani. Mutum cikinsa cike da ruwa lita da yawa, numfashi sama sama, ƙafa a kumbure, wani lokaci har marainan sun kumbura da ruwa, ga ƙaiƙayin jiki da dare, ga ƙarancin jini, ina ƙarfin zai fito? Kuma a nan ne al'adarmu take ƙara mana nauyi, da an ce ciwon hanta ko shawara sai dangi su hana mutum nama, su hana ƙwai, su hana madara, kullum farin kunu da tafasasshen ganye, wata uku sai ka ganshi hannuwa kamar ba nasa ba, tsoka duk ta zube. Wallahi wannan hanin yana kashe mutane a hankali. Mai siroz yafi mai lafiya buƙatar abinci mai gina jiki, kaci kifi, kaci wake, kaci ƙwai, ka sha kindirmo, kada ka daɗe da yunwa, kuma kafin ka kwanta ka ɗan ci wani abu don hantarka bata iya ajiye ƙarfin da zai kaika safe. Abin da zaka rage shine gishiri, da Maggi da sauran dunƙule, da kanwa, da kilishi da kifin da aka busar da gishiri da kayan gwangwani. Gyaɗa da masara da suka yi fumfuna kuma ka guje su kwata-kwata don gubar da ke cikinsu tana taimakawa wajen kawo kansar hanta. Maganar gishirin nan tana da alaƙa kai tsaye da tambayarka, in ka rage shi ruwan ciki zai ragu, in ruwa ya ragu likita zai iya rage maka Aldactone.

Aldactone ɗin, wato sipironolakton, shine wanda nafi zargi kan nonon da ke maka zafi. Magani ne mai kyau sosai wajen fitar da ruwan ciki, shi ake fara bayarwa, yawanci daga 100 mg ana iya hawa har 400 mg, amma yana tare wurin da testosteron ke zama yayi aiki, kuma iya yawan da kake sha iya yawan matsalar. Ana iya rage shi a haɗa da Lasilix, shima maganin fitar da ruwa ne, ana iya sauya shi da amiloride ko eplerenone in an samu, ba kowace farmasi ke ajiye su ba. Zafin nono yana lafawa in an rage, amma naman da ya daɗe da tasowa ba lallai ya koma duka ba, gara in gaya maka tun yanzu. Propranolol shi ma wasu maza yana rage musu ƙarfin gaba ya sa musu kasala, musamman in ya saukar da bugun zuciya da awon jini da yawa. Akwai carvedilol da ake iya gwadawa a madadinsa, akwai kuma ɗaure jijiyoyin da roba ta hanyar kyamarar baki a inda ake da kayan aikin. Duk wannan shawara ce da likitanka zai yanke bayan ya auna jininka da gishirin jiki da ƙoda. Tenofovir kam ba shi bane, ka ci gaba da shansa. Ka kuma duba ledar magungunanka, in akwai cimetidine na gyambon ciki ko Primpéran da kake sha kullum don tashin zuciya, su ma suna taɓa sha'awa, ka nuna su.

Yanzu maganar gida, wadda a ganina ta kai rabin matsalar. Da yawa daga cikin mazan da nake gani tun ranar da aka ce musu hepatit B suka fara jin tsoron matansu, suna ganin duk kusanta guba suke zuba musu, mutum ya kwanta da wannan tunanin ai gaba bazai amsa ba ko da hantarsa lafiya lau. Eh, hepatit B ana ɗauka ta saduwa da ta jini, da kuma daga uwa zuwa jariri, amma ba a ɗauka ta gumi, ko cin abinci kwano ɗaya, ko musabaha, ko zama kusa da juna a mota. Kuma akwai rigakafi mai aiki sosai. Ka kai iyalinka ayi mata gwaji, in mata biyu ne ko uku duka su je, da yara. Wadda bata ɗauka ba ayi mata allura uku, ta farko, ta biyu bayan wata 1, ta uku a wata na 6, kafin ta kammala kuyi amfani da kwaroron roba. Wadda aka samu tana da garkuwa tuni shikenan babu abin tsoro. Ita cutar ba abin kunya bace a yankin nan, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 254 ke ɗauke da ita a 2022, Kamaru tana cikin ƙasashen da take da yawa kuma arewa tafi kudu. Mafi yawan manya da ke ɗauke da ita a nan tun suna jarirai ko ƙananan yara suka samu, domin sai 2005 aka saka rigakafinta cikin alluran yara a Kamaru, kaga duk wanda ya kai shekarunka haka ya taso ba kariya. Wannan bayanin kaɗai ya isa ya wanke ka daga zargin neman mata.

Ka zo da ita asibiti, ko sau ɗaya. Mace in miji ya juya mata baya wata da watanni ba bayani, dole zuciya ta kawo mata abu biyu, ko ya daina sonta ko akwai wata. In ta ji daga bakin likita cewa ciwo ne da magani, sau da yawa a nan take zaka ga fuskarta ta saki, kuma ita ce mai girki, ita zata riƙe maka maganar gishiri. Kuma kusantar iyali bata ƙara wa hanta ciwo, wanda ciwonsa ya lafa yana iya hawa bene ko tafiya mai ɗan nisa ba haki to babu abin da zai hana shi. Ku zaɓi lokacin da kake da ƙarfi, da yawa sunfi jin daɗin jikinsu da safe ko 'yan kwanaki bayan an zuƙe ruwan ciki, ka kwanta ta gefe kada nauyi ya hau ciki. In kana shan Duphalac, maganin sassauta bayan gida, kada ka sha dab da lokacin don yana kumbura ciki yasa zawo.

Gorar da abokai suka kawo maka kuma ka zubar. Ina faɗin haka ba don raina maganin gargajiya ba, sai don hantarka bata da sauran wurin da zata ɗauki kuskure. Babu mai iya gaya maka abin da ke cikin gorar nan ko yawansa, akwai itatuwa da saiwoyi da ke ƙona hanta ko ƙoda, kuma hukumomin magunguna a ƙasashe da yawa sun sha kama kayan ƙarfin maza da aka rubuta ganye zalla, zuma, kofi, alawa, amma an dama sinadarin Viagra a ciki ba awo. Sai ayi gudun gara a faɗa gidan zago. Tramol kuma da matasa da 'yan mashin da direbobi ke sha wai don a daɗe ko a kashe gajiya, in aka daɗe ana sha shi kansa yana saukar da testosteron, a jikin mai siroz kuma yana taruwa yasa farfaɗiya ko ya jefa mutum cikin magagi. Haka Valium da sauran magungunan barci. Diclofenac da ibuprofen suma haramun ne a gareka a likitance, suna jawo aman jini su tsayar da ƙoda. In ciwon jiki ne paracetamol, kada ya wuce giram 2 a yini.

To Viagra na gaskiya fa, wato sildenafil? Ba a rufe ƙofarsa gaba ɗaya ba. Mai siroz da ciwonsa bai yi nisa ba likita yana iya bashi, ana farawa daga 25 mg saboda hanta ce ke narkar da shi kuma a jikinka zai daɗe fiye da na mai lafiya. Amma wanda idonsa yayi ɗorawa, ko cikinsa ke cike taf, ko bai daɗe da aman jini ba, ko awon jininsa yana ƙasa, ba nasa bane. Ba a haɗa shi da magungunan ciwon ƙirji irin su Risordan ko trinitrine ko kusa, jini yana iya faɗuwa mutum ya yanke jiki. Kai da yake an ce akwai ruwa a cikinka sai an fara shawo kan wannan tukun. Sannan ka sani baya kawo sha'awa, hanyar jini kawai yake buɗewa, in sha'awar bata nan ko ka sha babu abin da zai motsa. Irin na kasuwa da ake shanyawa a faranti cikin rana an rubuta 100 ko fiye, ba da su nake ba.

Testosteron ana iya aunawa, da safe ake ɗibar jinin kafin ƙarfe 11 kuma a maimaita wata rana don a tabbatar. In yayi ƙasa sosai akwai allura ko na shafawa da wasu masu siroz ke amfana da shi, har tsoka take ɗan dawowa. Amma sai an tabbatar babu ƙari a hanta, wanda dama ya kamata kana yin ekografi duk wata 6 saboda haka, a duba mafitsara da abin da ke ƙarƙashinta, wato prostate, kuma in kana son ƙarin haihuwa ka faɗa tun farko domin testosteron na waje yana tsayar da yin maniyyi. Ƙwayoyin da 'yan ɗaga ƙarfe ke haɗiya don tsoka kuwa kai tsaye suke cutar da hanta. A haɗa da awon suga, don ciwon suga yana yawan biyo siroz kuma shi kaɗai ma yana kashe gaba. Giya kam, bilbil ce ko arki ko 'yar leda, ban ce kana sha ba amma masu karatu suna da yawa, tana cin hanta tana cin maraina a lokaci ɗaya, wanda ya daina tun abin bai yi nisa ba yakan ga sauyi cikin watanni. Taba ma tana toshe ƙananan jijiyoyin gaba.

Abu ɗaya saboda sana'arka. In ka ga kana barci da rana ido biyu da dare, kana mantuwa, ko iyali tace halinka ya sauya kana faɗa ba dalili, ko hannu yana karkarwa in ka miƙa shi, wannan gubar da hanta ta kasa tacewa ce ta fara hawa kai. Ka ajiye tuƙi ka zo asibiti, hanyar Garwa zuwa Ngaundare ba wurin gwaji bace. Baƙin bayan gida kamar kwalta ko aman jini kuwa ko tsakar dare ne a tafi.

Wani abu da ya shafi yankinmu, ba duk mai babban ciki da babbar saifa da aman jini ne mai siroz ba. Mutanen bakin ruwa, wajen dam ɗin Lagdo ko gonakin shinkafa na Yagwa da bakin Logon, tsargiya irin ta hanji tana toshe hanyoyin jinin hanta amma naman hantar yana ci gaba da aiki, su matsalar sinadaran nan bata cika tsanani a wurinsu ba, tasu tafi zuwa daga ƙarancin jini da magani. Ɗaya tsargiyar mai fitsarin jini kuma tana taɓa al'aura kanta, namiji ya ga jini a maniyyi, mace taji zafin saduwa da ɗigon jini bayanta, ayi ta bata maganin sanyi alhali praziquantel take buƙata. Mace mai siroz ita kuma al'ada ce ke rikicewa ko ta ɗauke, ga bushewar gaba, ga rashin sha'awa, kuma ɗaukewar al'ada ba tabbacin bazata ɗauki ciki bane. Ɗaukar ciki ga mai kumburarrun jijiyoyin maƙogwaro haɗari ne, a tsara shi da likita, kuma ƙwayoyin tazarar haihuwa masu estrojen basu dace da wadda hantarta tayi nisa ba, akwai wasu hanyoyin.

Sai ke 'yar'uwa, Allah ya baki lafiya. A takardarki ƙila kin ga an rubuta RCH, sunan wannan kumburin babban hanjin kenan a taƙaice, wasu kuma Crohn ake rubuta musu, 'yan'uwan juna ne, garkuwar jiki ce ke faɗa da hanji, ciwon yana tashi yana kwanciya. A ƙasashenmu ana daɗewa kafin a gane shi saboda yana kama da atuni na amiba da tsargiya da tarin fuka na hanji, mutum yayi shekaru yana shan Flagyl. Tunda an duba ki da kyamara an ɗauki nama an auna, zan ɗauka an kore waɗancan. Zafin da kike ji yana da dalili a fili, ƙarshen hanji yana manne ne da bayan farji, siririn bango ne kawai tsakaninsu, in ƙarshen hanji ya kumbura yana jini duk abin da ya taɓa bangon nan sai kin ji, kuma shine yake sa kiji kamar bayan gida zai zo. Daga nan jiki yana koyon tsoro, tun kafin a taɓa ki tsokokin ƙugu sun ɗaure, ni'ima ta ɗauke, zafin ya ninka. Mata da yawa masu wannan ciwon suna cikin halin da kike ciki, kuma abin da aka fi gani yana jawo shi abu biyu ne, tashin ciwon da kuma damuwa. Ma'ana in aka kwantar da hanjin yawanci shimfiɗa ma tana gyaruwa.

Don haka tambayar farko ita ce ciwon naki a kwance yake kuwa? In har yanzu kina zagayawa sau da yawa, kina tashi da dare, kina ganin jini, to maganin bai kai ba. Da yawa ana basu ƙwayar haɗiya kawai alhali ciwon a can ƙasa yake, akwai Pentasa na cusawa ta dubura da na ruwa da ake matsawa, suna kaiwa daidai wurin, mutane suna ƙyamarsu amma suna aiki. Kortizon, Solupred ko Cortancyl, na kashe wutar tashin ciwo ne na 'yan makonni ba na zama a kai ba, in aka daɗe yana kumbura fuska, ya kawo ƙiba da ƙuraje da suga da farin ruwa mai ƙaiƙayi a gaba, mace ta kalli madubi taji bata son mijinta ya ganta. Kada dai ki yanke shi lokaci ɗaya, a hankali ake sauka. A auna jininki, zubar jini na shekaru yana ƙarar da sinadarin ƙarfe, gajiyar da kike ji ƙila daga nan take, in ƙwayar ƙarin jini tana tayar miki da ciki akwai na ƙarin ruwa. Kuma ki lura, in kina jin iska ko ƙazanta tana fita ta gaba, ko akwai ƙurji kusa da dubura mai fashewa yana yoyon mugunya, wannan yoyo ne, yafi yawa a Crohn, aikin likitan tiyata ne ba na man shafawa ba.

A gida kuma ki zagaya kafin lokacin, ki lura da sa'ar da cikinki yafi lafawa, yawancin masu wannan ciwon safiya ce tafi musu wahala. Ki shimfiɗa wani zani na daban don hankalinki ya kwanta. Ku nemi kwanciyar da ke kike da iko da zurfin, ta gefe ko ke a sama. Ki sayi man santsi na ruwa a farmasi. Kayan matsi da duk wani haɗi da ake cusawa ki rabu da su, bushewa da ƙuna suke ƙarawa, haka magungunan sa gudawa da ake sha wai wankin dattin ciki. Imodium, maganin tsayar da gudawa, yana taimaka wa wasu kafin saduwa amma sai ciwo na kwance, ba a sha ana jini da zazzaɓi. In ciwo ya tashi sosai ku dakata, akwai sauran hanyoyin da ma'aurata ke jin daɗin juna, kuma ki gaya wa maigida ciwon nan ba a ɗaukarsa, bazaki shafa masa ba.

Maganar haihuwa, in ciwon yana kwance kuma ba ayi miki babban aiki a ƙugu ba damarki kusan ɗaya ce da ta kowace mace, abin da ake so ki ɗauki ciki lokacin da ya lafa kuma kada ki ajiye magani don kin ga ciki, Pentasa ana ci gaba da shi. Methotrexate ne ba a ɗaukar ciki a kansa sam, yana lalata halittar jariri, sai an daina da watanni. Maza masu wannan ciwon da ke shan Salazopyrine kuma su sani yana rage yawan maniyyi da ƙarfinsa, baya taɓa tashin gaba, kuma in aka sauya zuwa mesalazine, wato sinadarin Pentasa, yana dawowa cikin wata 2 zuwa 3. Akwai gidajen da aka yi ta zargin mace da rashin haihuwa alhali ƙwayar da mijin ke sha ce.

In ya kai ga tiyata, cire ƙarshen hanji yana bi kusa da jijiyoyin da ke tayar da gaba da fitar da maniyyi, a mace kuma tabon ciki yana iya rage haihuwa, to a tambaya tun kafin a shiga ɗakin aiki. Wanda aka fitar wa hanji ta gefen ciki yana ɗaura jaka shima yana rayuwar aurensa, ya zubar da abin da ke cikin jakar kafin lokaci ya ɗaura ƙyalle a kai, maganar alwala da sallah kuma malamai suna da hukuncin mai uzuri, a tambaye su. Damuwa in tayi yawa, kuka ba dalili, rashin barci, jin rayuwa ta isheka, ita ma ciwo ce mai magani, sai dai wasu magungunan nata irin fluoxetine da paroxetine suna rage sha'awa su jinkirta kawowa, ka gaya wa mai rubutawa don ya zaɓi wanda ya dace da kai da hantarka.

Na san yadda ɗakin ganin likita yake a wurarenmu, layi har waje, labule ne kawai tsakaninka da mai bi, ɗalibai a tsaye, wani lokaci ƙaninka ko surukarki ce ta rako. Ranar wanka dai ba a ɓoyon cibi, amma ba dole sai kowa yaji ba. Ka rubuta layi ɗaya a littafinka na asibiti ko a 'yar takarda, ina da matsala wajen iyali tun da na fara maganin nan, ka miƙa, kace kana son magana kai kaɗai. Ka zo da kwalayen duk abin da kake sha har da na gargajiya. Ke kuma in kina jin nauyin likita namiji ki nemi likita mace ko ungozomar asibiti ta tsaya tare da ke, amma ki yarda a duba wurin da ido da hannu, domin tsagewar dubura da ƙurji da yoyo ba a gane su da tambaya kawai.